Hannun Daman Mahaifina da Ɗakin da Kuka Kulle

Zuwa ga Shugaban kwaleji mai zaman kanta da ta yaye ni a fannin taimaka wa likitan gashin ƙashi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da malamai, da ɗalibai. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Isiyaku, daga wani ƙauye a ƙasar Kudan. Shekara biyu na yi a hannunku, kullum ina bin hanyar Makarfi zuwa wajen Ikara, ko a acaɓa ko a bayan motar rake. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, don ban zo tozarta kowa ba. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro, shi ya sa na rubuta a fili. Ga abin da ke cina.

1. Akwai wani ɗaki a bayan ajinmu da kuke kira ɗakin gwaji. A ciki akwai gadon majinyata, da sandunan koyon tafiya, da keken motsa ƙafa, duk a cikin leda. Ta taga muke leƙensu. In mun tambaya, sai a ce makulli na wurin wane, wane kuma ya tafi Zariya. Sunayen jijiyoyi da gaɓoɓi kam mun haddace su da Turanci, har na zo na uku a jarrabawa. Amma wallahi na fita daga makarantarka ban taɓa riƙe hannun marar lafiya ba.

2. Sau ɗaya aka buɗe ɗakin, ranar da masu tantance makarantu suka zo. Kwana biyu kafin zuwansu aka kira ɗaliban ɗaya sashen naku, masu koyon haɗa dandamalin wasan kwaikwayo, su da ke aikin fitilu da labule da lasifika. Aka ce su gyara ɗakin ya yi kama da wurin da ake aiki kullum. Abokina Bitrus na cikinsu. Shi ya cire ledojin, ya sa fitila a kan gado, har ya goga ƙasa a hannun keken don kada a ga sabo ne. Ni kuma aka zaɓe ni na zama majinyaci. Aka ce in kwanta in naɗe hannun dama a ƙirji, in dunƙule yatsu kamar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Na yi, kuma na iya, har ɗaya daga cikin baƙin ya ce mini sannu. Da suka tafi muka yi ta dariya, aka mayar da ledoji, aka kulle ƙofa. A nan ba zan wanke kaina ba. Da bakina da hankalina, na ga abin da ake yi, na yi shiru don ina son takardar shaida.

3. Daminar bara hawan jini ya kayar da mahaifina a gonar rake. Ɓarin damansa ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti, aka ce mu kai shi gashin ƙashi a Zariya. Gida kaf ido ya dawo kaina, tunda ni ne wanda ya karanci abin. Inna, mahaifiyata, ta ɗauko man kaɗanya za ta riƙa murza masa hannun tana miƙe yatsun. Na hana ta. Na ce kada wanda ya taɓa shi sai babban likita ya gani, har da haɗawa da kalmomin Turanci don ta yi shiru. Ta ajiye man, ta ce, “To, ɗan nan, kai ne mai ilmin.”

Gaskiyar magana, Ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Ban san inda zan kama ba, ban san iyakar inda ake lanƙwasa kafaɗa ba tare da an ji wa mutum ciwo ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na rufe jahilcina da girman kai. Ga ruwa ya ɓata hanyarmu, ga aikin gona ya dawo kaina, ga layi a asibiti. Sai da muka yi wata biyu da kwanaki kafin mu ga likitar gashin ƙashi, wata mace.

Da ta kama hannun, ya riga ya ƙandare a ƙirji, yatsu a dunƙule, daidai yadda na yi nawa ranar baƙinku. Ta tambaya wa yake motsa masa hannun a gida. Aka ce babu. Baba, don alfahari, ya nuna ni ya ce ai ɗansa ma ɗan'uwanta ne a aiki. Ta dube ni. Ta kira ni kusa, ta ɗora hannuna a kan nasa, cikin ɗan lokaci ta nuna mini abin da ya kamata a ce tun makon farko ana yi masa safe da yamma. Bai fi abin da Inna ta so yi ba, sai dai a san tsarinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

4. Bitrus ne ya cece mu a sauran. Da ya zo dubiya daga Ikara, na faɗa masa irin motsin da likita ta ce a riƙa yi. Ya dubi rufin zaure, ya ce, “Wannan ai jan labule ne.” Washegari ya dawo da igiya da ƙaramar tayar ƙarfe irin wadda suke jan labulen dandamali da ita. Ya ɗaure tayar a azara, ya ɗaura bakin igiyar a hannun daman Baba, Baba na jan ɗaya bakin da hagu, dama na ɗaguwa. Ya sari gora ya kafa sanduna biyu a tsakar gida don koyon tafiya. Shi da kuka koya wa wasa ya fi ni amfani ga marar lafiya, don shi an bar shi ya taɓa kayan aikinsa.

Alhamdulillahi, Baba yana takawa yanzu, kuma hannun na ɗaguwa zuwa kafaɗa. Amma yatsun sun ƙi buɗewa, likita kuma ta ce kada mu sa rai sosai. Kai ma Bahaushe ne, ka san abin da hakan ke nufi. Shekara da shekaru Baba ke fita ciyayya a ƙofar gida, shi da maƙwabta, kowa da kwanonsa a haɗa a ci. Yanzu ba ya fita. Ya ce ba zai sa hagu a kwanon mutane ba. Abokansa sun roƙe shi, liman ya ce masa lalura ce babu laifi, ya ƙi. Ko gaisawa za a yi, sai ya ɓoye hannun a cikin riga.

Na san ciwo daga Allah ne, kuma wataƙila ko an yi komai a kan lokaci hannun ba zai dawo kamar da ba. Amma ba mu gwada ba, kuma ni na hana a gwada.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka buɗe ɗakin nan, a cire ledojin, kaya su tsufa a hannun ɗalibai. Kada ka sake sa hannu a takardar ɗalibin da bai taɓa yin aiki a kan majinyaci na gaske a gaban malami ba. Sannan ka haɗa sassan nan biyu, masu dandamali su koya wa masu gashin ƙashi yadda ake haɗa kayan motsa jiki da igiya da gora, don a ƙauyukanmu su ke akwai. In kana so, ni da Bitrus za mu zo mu nuna, kuma zan tsaya a gaban aji in faɗi abin da na yi da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da iyalinka daga irin wannan ciwo, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Ni dai kullum da magariba ina kai wa Baba tuwonsa cikin ɗaki, muna jin hirar abokansa a waje. In na ajiye kwanon sai ya ce, “Allah ya yi maka albarka, likita.” Har yau ban iya gaya masa ya daina kirana haka ba.

Wassalam.

Tsohon ɗalibinka,
Isiyaku, daga ƙasar Kudan.