Ƙyallin da Ya Ƙi Dusashewa

Lahadi, bayan isha'i.

Yau ni, shehin malamin kimiyya na gidanmu, na yi bajintar da nake nadama. Na zo da ruwan gwajinmu na jami'a, mai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. In maganin gaske ya shiga, ƙyallin yakan dusashe. Na tara jama'ar gida, na gabatar da jawabi, na niƙa ƙwayar hawan jinin da Yaya Bello yake sayo wa Inna daga Ƙonni, na zuba a cikin ruwan. Ƙyallin nan ko gezau.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna.

Na faɗa mata a gaban kowa cewa maganin jabu ne; Yaya Bello ne kaɗai ba ya nan. Sai ta ce, "Kak ka hwaɗa ma yayanka. Da ƙahwa shika zuwa sawo min shi."

Gobe zan kai ta asibiti, ba tare da jawabi ba.