Murya Ta Yanke a Labaran Ƙarfe Bakwai

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Yau murya ta yanke mini a tsakiyar labaran ƙarfe bakwai. Ina kan labarin rabon taki, na buɗe baki, sai iska. Usmanu mai kyamara ya zaro ido, aka yi maza aka sa talla. Shekara goma sha tara ina gaban kyamarar nan, ban taɓa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Zuma, citta, kanumfari. Shiru.

Talata, 21 ga Mayu
Likita ya leƙa maƙogwarona da wata 'yar na'ura. Tsiro ne, ba mugu ba, amma sai an yi aiki. Na rubuta masa a takarda: za ta dawo yadda take? Ya daɗe yana gyara tabarau. "Hajiya, sai abin da Allah ya yi."

Lahadi, 2 ga Yuni
Manajanmu Zulkifli ya zo duba ni har gidana a Gwadangaji. "Kujerarki tana nan, Hajiya Hamida." Tabarma yake kallo yana faɗa. Nazifa aka ba labaran. Ni na koya mata inda ake jan numfashi. Tana fitowa na kashe talabijin.

Laraba, 10 ga Yuli
An yi aikin. Abin da ya rage raɗa ce, kamar ana jan buhu a ƙasa. Na tattaro na taho Argungu, gidan Yaya Atiku. A kasuwa wata mai albasa ta gane ni. "Ba ke ta mai labarai ba? Yi muna sallamar nan taki!" Na yi murmushi na wuce. Wataƙila ta ce girman kai ne.

Alhamis, 5 ga Satumba
Gulbi ya cika ya batse. Shinkafar Yaya duk ta nutse, har da ta maƙwabta. Mutanen ƙauyuka uku suna zube a firamare, tsofaffi da jarirai, ba wanda ya zo daga Birnin Kebbi. A fadamar nan na yi rahotona na farko na rediyo, da aron rakoda. Yau ina tsaye a wurin ba abin da na iya.
Yaya ya juyo, wandonsa duk laka. "Hamida, ke da jaha duka ka saurare, ki gaya musu mana." Sai ya tuna. Ya sunkuyar da kai. Da ma zagina ya yi.

Asabar, 7 ga Satumba
Na koma firamaren da littafi. In nuna tambaya a rubuce, malamin makarantar ya karanta musu, su amsa. Wata tsohuwa, Fadimatu, kwana biyu jikarta ba ta ci ba. Na rubuta shafi uku, na daɗe ina kallon lambar Nazifa. Na tura.

Lahadi, 8 ga Satumba
Ta karanta. "Rahoton Hamida Dikko daga Argungu." Ta ambaci ƙauyukan ba kuskure. Ta yi sauri a sakin layi na biyu, amma a kan sunan tsohuwar ta dakata daidai. Ban san ko wani zai kawo ɗauki ba. Muryata har yanzu raɗa ce.
Gobe Yaya zai shiga kwalekwale zuwa ƙetare, wai can ma akwai mutane. Na nuna masa zan bi shi, shan iska kawai. Na dai sa biro biyu a jaka.