Kifin Sadik

Daren Laraba, Durumi

Barci ya ƙi zuwa. Kifin ruwan gishirin jikana Sadik yana ta kewaya akwatin gilashinsa, ƙayar bayansa a miƙe, haƙora waje kamar nawa. Sadik ya sha bincike a waya, bai gano irinsa ba. Nakan tsokane shi: "Angona, ka sayo rago mu raɗa masa suna, ko in soye shi." Sai ya ce, "Hajiya, da bakina za ki ji sunansa."

Yau abokinsa ya zo mini ta'aziyya, ya leƙa gilashin, ya ce, "Ai na san irinsa, Hajiya, sunansa..." Na ce ya yi shiru.

Allah ya jiƙan Sadik. Na ba kifin abincinsa, na bar shi ba suna.