Tsumman Rawanin Baba da Jarkar Mumtaz

Daga gaɓarmu, kusa da Sur,
Litinin, 9 ga Jimada Ula.

Zuwa ga babban yayana, Hamud ɗan Halfan, a barikin 'yan sanda na Abu Dabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ya riga ni zuwa duniya da shekara tara, kuma bai taɓa barina na manta da hakan ba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga zafin rana da zafin manyanka. Mu nan gida sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awaki. Matarka Mauza lafiyarta lau, 'yarka Azza kuma ta fito da haƙora biyu, ta gwada su a yatsana, na kuwa shaida ingancinsu. Idon Baba ne dai yake ƙara yin hazo. Likita ya ce yanar ido ce, sai bayan sanyi za a yi masa aiki, ya kuma hana shi fita teku saboda ƙyallin ruwa. Subait direban motar kifi ne zai kawo maka wasiƙar nan, don haka in ka ji tana ƙarni, ba daga marubucinta ba ne.

Yaya, sau huɗu ke nan ina tashi daga kan wannan takarda in gangara bakin ruwa in dawo, ba tare da na san abin da na je yi ba. Bari in daure in zauna, in shimfiɗa maka musibar daga tushenta. Da likita ya yanke hukuncinsa, Baba ya kira ni, ya kira Marhun ɗan Kawu Hamis, ya ce kakar kifin kan'ad ta shigo, kwale-kwale ba zai kwanta a yashi ba. Zai gwada ni fita uku, Marhun yana tare da ni. In na kai kwale-kwalen na dawo da shi lafiya, riƙonsa ya zama nawa, har da injin nan mai ƙarfin doki arba'in da ka aiko bara. In kuwa na gaza, a ba Marhun, ni kuma in tafi Maskat in tsaya a kantin surukin Kawu ina auna shinkafa. Ka san ni, Yaya. Mutumin da aka halitta don ya fuskanci taguwar ruwa ba zai rayu a bayan sikeli ba. Fita ta farko da ta biyu na yi su cikin nasarar da ta cancanci a rubuta ta a jikin ƙofar gari.

Daga nan ne ilimi ya yi mini yawa. Ka tuna yadda Baba yake ba inji mai tun muna yara: ya sayi adi, wato fetur na gama-gari, a famfon bakin gaɓa inda kowane masunci yake bin layi, ya gauraya shi da baƙin mai daidai awo, sa'an nan ya shimfiɗa tsumman tsohon rawaninsa na ulu a bakin mazurari, ya tace shi a hankali kamar mai haɗa wa jariri magani. Ni kuwa na zauna na yi nazari mai zurfi, na ga cewa injin da aka yi wa doguwar tafiya daga wata ƙasa, wanda babban jami'i irinka ya saya da guminsa, bai kamata a riƙa ɗura masa man da ake zuba wa kowace tsohuwar akwala ba. Na kafa mazhabar mumtaz, fetur ɗin nan mai tsada na masu daraja, na zama limaminta, na zama kuma mabiyinta tilo. Da na gabatar wa Baba hujjojina, bai ko ɗago kai daga ƙugiyar da yake laluben ɗaurawa ba, ya ce, "Kai Talib, inji ba ya karatu. Bai san abin da aka rubuta a jikin famfo ba."

Ranar Laraba na ari motar Kawu, na tafi tsohon gidan man nan na hanyar dutse, domin a duk yankinmu can kaɗai ake da famfon mumtaz. Mai sayarwar ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sai da ya kaɗe gidan zanzaro daga bakin tiyon kafin ya zuba mini, yana cewa rabon da wani ya taɓa famfon tun kafin azumi. Mai hankali da ya ji haka da ya juya. Ni sai na ɗauke shi a matsayin shaidar cewa abu mai daraja ba kowa ne yake kai hannu gare shi ba.

Da asubar Alhamis, ranar fita ta uku, masunta suna ta tura jiragensu, na ɗora jarkata a kan yashi na yi wa jama'a huduba. Na ce yau tarihi zai raba zamanin jahilci da zamanin wayewa. Marhun ya miƙo mini tsumman Baba, na ɗaga hannu na ce tace mumtaz cin mutunci ne, kamar a tsayar da alƙali a ƙofa a laluba aljihunsa. Tsoho Shinun, wanda ka san bakinsa, ya ce, "To Malam, in ka kai Indiya kafin hantsi ka sayo mana yaji." Aka yi dariya, na yafe musu, domin haka ake yi wa duk wanda ya riga zamaninsa.

Mun wuce bakin dutse, muka hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa, alamar kan'ad yana koro ƙananan kifaye sama. Yaya, ban taɓa ganin garke irin wannan ba. Muka saki igiyoyi, kafin ka ce me mun ɗaga biyu, kowanne ya kai tsawon hannuna da rabi. Ina cikin tsara jawabin da zan yi a gaɓa sai inji ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi wata irin shessheka, ya yi shiru. Na ja igiyarsa har fatar tafin hannuna ta saluɓe, na kwance fulogi na goge na mayar, ko uffan. Marhun ya jingina da gefen jirgi ya ce, "Liman, ko za ka yi masa hudubar nan ta ɗazu? Wataƙila bai ji da kyau ba."

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Ruwa yana janmu waje, duwatsun gaɓa suna ƙanƙancewa, gorar ruwan sha ɗaya ce tak a jirgin. Na tuna abin da Baba ya taɓa nuna mana, na ɗaura bokiti a doguwar igiya na jefa ta gaban jirgi don ya rage mana gudu, na ɗaura zanena a kan filafili na ɗaga, muka riƙa kurɓar ruwa da murfin gora. Tun hantsi muke haka har la'asar ta gota. Tsoron da na ji ban gaya wa kowa ba sai kai. Wanda Allah Ya turo kuwa, cikin dukan bayinsa masu jirgi, Shinun ne. Ya zagaya mu sau biyu kafin ya jefo igiya, yana cewa, "Wa nake gani haka? Har an dawo daga Indiya? Ina yajin?" Ya ja mu a hankali kamar mai rakiyar amarya, bai bi ta gefe ba, sai da ya ratsa da mu gaban gaɓa daga wannan kai zuwa wancan, don kada wani ya ce bai gani ba.

Ka san al'adarmu: wanda aka jawo daga teku, washegari shi zai kawo gahawa da dabino rumfar masunta, ya zuba wa kowa da hannunsa a tsaye, ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Na yi, bayan sallar Juma'a. Ina cikin zagayawa da buta sai ga Baba yana dogara sanda, riƙe da kwalba. Ashe tun da safe ya sa an tsiyayo masa man da ke ƙasan tankina. Ya ɗaga kwalbar sama a gaban mutum fiye da talatin, ya ce, "Talib, idona ba ya gani. Kai mai ilimi, faɗa mini abin da ya kwanta a ƙasan nan." Na duba. Ya kai kaurin yatsa biyu, fari tas, man yana yawo a kansa. Na ce ruwa ne, Baba. Ya ce, "Na masu daraja ne ko irin namu?" Shinun ya ƙware da gahawa har sai da aka bubbuga masa baya.

Ranar Asabar na kai injin Sur wurin Usta Dadu makanike, ya wanke masa ciki, ya ce babu abin da ya lalace, ka kwantar da hankalinka ta wannan fuska. Na nemi fatawarsa a asirce, ko mazhabata tana da sauran mafita. Ya ce irin wannan inji don adi aka ƙera shi, ko an ba shi mumtaz mai kyau ba zai ƙara taku ɗaya ba, sai dai aljihu ya yi sauƙi. Ya ce ba sunan mai ne yake kashe inji a teku ba, daɗewa ce da ruwa. Famfon da ake layi a kansa kullum sabon mai yake bayarwa, wanda kuwa ya yi watanni ba a taɓa ba, gumin tanki yana taruwa a ƙarƙashinsa. Ya ƙara da cewa ulu in ya jiƙe da mai yakan tare ruwa da datti, wato da na karɓi tsumman nan da na ga abin tun a kan yashi. Na yi masa godiya cikin muryar wanda aka karanta wa hukuncinsa.

Yanzu ga inda maganar take. Baba ya cire tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji, ya sa shi ƙarƙashin katifarsa, yana kwana a kai. Ya ce injin naka ne, kai za ka faɗi wanda za a miƙa wa tiyon, ni ko Marhun, kuma zai sanar ranar Juma'a mai zuwa. Don adalci zan gaya maka cewa Marhun masunci ne na ƙwarai, kuma shi da bakinsa ya gaya wa Baba zancen bokitin, alhali da ya yi shiru ribarsa ce. Amma Yaya, kwana huɗu ke nan jirage suna fita ina tsaye a yashi kamar turke, suna dawowa shaƙe da kan'ad, namu yana kife. Na gyara ragar da ba ta yage ba. Na share rumfa har Shinun ya ce in bar musu ɗan yashin zama. Umma ta ce in na ƙara zagaya tsakar gida sau ɗaya za ta ɗaure ni tare da awaki. Ba na son Maskat, ba na son sikeli. Na yi kuskure, girman kai ne ya jawo, kuma na kusa tafiya da ɗan mutane. Wannan jimla ba ta da ado, don haka ka san gaskiya ce.

Abu ɗaya ya faru yau da safe wanda ya hana ni zama. Na tarar da tsumman rawanin a ninke a kan jarkata, an ɗora mazurari a kai. Na tambayi Umma, ta ce ita ba ta taɓa tsummokaran maza. Na tambayi Baba, ya ce shi makaho ne, yana iya yar da abu ko'ina. Na wanke jarkar, na shanya ta, na bi layin famfon gaɓa a bayan Shinun ina shan baƙar magana, na sayi adi, na gauraya, na tace shi sau biyu. Ga ta nan cike a bakin ƙofa, ina ganinta daga inda nake rubutu.

Subait zai juyo ranar Alhamis. Ka ba shi amsa, ko da layi ɗaya ne a sama, sauran shafin kuma ka cika shi da zagin da na cancanta, zan karanta shi a tsaye cikin ladabi. Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Mauza da Azza suna gaishe ka, haka Kawu Hamis da matarsa Zuwaina da Marhun. Baba ya ce in gaishe ka, ya kuma ce kada in cika maka kunne da manyan kalmomi, ga shi na kiyaye iyakar iyawata. Ka gaishe mini da Saif abokin ɗakinka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙaninka mai jiran tiyo,
tsohon limamin mazhabar mumtaz, wanda ya yi murabus,
Talib ɗan Halfan.