Kwalbar da Ba Ta da Suna

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki. Ni dai ga ni nan, da godiya.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina tsawata wa 'yan aji kan karkataccen baƙi, yau nawa sai ka ce kaza ta yi tono. Ciwon gaɓoɓin ya dawo. Allurar nan ta wata-wata, wadda da farko ta sa har na koma ɗaure takalmi da kaina, yanzu kamar ruwa ake ɗura mini. Da safe yatsuna a ƙage suke, sai rana ta ɗaga nake iya riƙe kofi. Maɓallin riga kuwa sai tela maƙwabcina ya leƙo. Jiya yana saka mini yana mita, wai, “Malam, ni fa ɗinki na koya, ba raino ba.” Na ce, “Kai ka yi ramukan ƙanana, sai ka sha wahalarsu.”

Likita ya ce a canza mini magani. Na ce a'a.

Tun rasuwar mahaifiyarki gidan ya yi mini girma. Yaushe za ki leƙo?

Ni ne mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka sannu da jiki.

Wasiƙarka ta tayar mini da hankali, don abin da ka kwatanta shi nake bincike a kai kullum. Irin wannan allura daga ƙwayoyin halitta masu rai ake haɗa ta. Jikin wasu yakan ɗauke ta a matsayin baƙuwar cuta, sai garkuwar jiki ta taso mata, ta kashe ƙarfinta kafin ta kai ga gaɓa. In haka ta faru, ci gaba da ita ba shi da amfani. Ciwon kuma ƙashi yake ci, abin da ya ci ba ya dawowa.

Aikina ke nan. Jinin marasa lafiya ake kawo mana cikin ƙananan kwalabe, babu suna sai lamba, ni kuma in auna in ga wane jiki ne ya juya wa maganin baya. Yanzu firjinmu a cike yake, mu biyu ne kawai a kansa. Ba zan samu fita ba sai mun gama wannan zagayen.

Me ya sa ka ƙi, Baba? Ba halinka ba ne musu da likita.

'Yarka, Auta.

*

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Tun da kin tambaya, zan faɗa miki.

Ranar da aka fara mini allurar, likita ya ce ana wani bincike, masu so za a riƙa ɗibar jininsu duk wata. Na tambayi inda ake kai shi. Ya faɗi sunan wurin aikinki. Ban ce masa ina da 'ya a can ba, na dai sa hannu.

Tun daga nan ranar ɗibar jini ta zama mini ranar fita. Nakan yi aski, in sa rigata mai kyau, in karya da wuri don kada jinin ya zo miki a tsinke. Nas ɗin tana kirana Baba mai rowar jijiya. Takan ce, “Yau ma ka ɓoye ta?” In ce, “Nemi dai, 'yar nan, kayan aike ne, ba a gaggawa da shi.” Ina kallo ta liƙa lamba, ta sa kwalbar cikin akwatin sanyi. Nakan zauna a bencin waje har motar ta tashi da shi. Sai in ce a raina, jibi war haka yana hannun Auta, tana ɗaga shi tana dubawa a haske.

Likita ya ce wanda ya canza magani ya fita daga binciken. To kin ji dalili. Yatsu ai sun yi aikinsu a duniya.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye gaban firji, na daɗe ban iya rufe ƙofarsa ba.

Akwai ƙa'idar da ba ka sani ba. Mai bincike ba ya taɓa jinin ɗan'uwansa, don kada son rai ya shiga awo. Tun da na sani, dole in faɗa, in ba haka ba aikin mutane da yawa ya lalace. Na gaya wa shugabarmu. Ta sa aka nemo lambarka a asibiti, ta tura ni waje, aka kwashe kwalabenka aka mayar wani ɗaki. Ba a nuna mini su ba, ba kuma za a gaya mini sakamakonsu ba. Da na dawo na ga gurbi a layi na uku na firjin, shi ke nan abin da na gani.

Wataƙila na sha riƙe ka a hannuna ban sani ba. Yanzu ko ka ci gaba, ba zai ƙara zuwa wurina ba.

Don Allah, don darajar Mama, ka je gobe a canza. Zan zo da zarar an sake ni.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Tela ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya ce in gaya miki ki yafe masa kurakurai, da allura ya saba, ba da alƙalami ba.

An canza maganin. Likita ya ɗauki hoton hannun, ya ce yatsu uku na dama ba za su ƙara miƙewa ba. Bai yi mini faɗa ba.

Kada ki damu kan abin da kika faɗa wa shugabarku. Haka na tarbiyyantar da ke.

Da na gama da likita, na wuce ɗakin nas kamar kullum. Ta duba takarda, ta ce, “Baba, ai yau babu ɗiba, an cire ka.” Na riga na naɗe hannun riga. Ita ta warware mini.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.