Kwalbar yansun da na ba ta ta zubar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take.

Ni a Kankiya nake, sana'ata gireba da cincin na kayan gara. Abin da ya sa mata ke nemana har daga Rimaye shi ne ƙamshin yansun da nake sawa, 'ya'yan wani tsiro ne, da kaina nake daka su, in jiƙa a man gyaɗa mai ɗumi, in tace. Kwanaki yayana ya kawo mini tsarabar ruwan yansun na kwalba daga Kano, maigidana ya karanta jikinta ya ce da sinadarin giya aka haɗa shi. Ko buɗe ta ban yi ba. Ranar 'yar goggona da ke aure a Kusada tana gidan, na miƙa mata na ce ta zubar a bola. Yarinyar nan ni na koya mata gireba, a tandana take gashi, jiƙa man ne kawai ta ce ba ta da haƙurinsa.

Sai ga wata hajiya ta Yashe da ta ba ni garar 'yarta ta kira ta ce in bar aikin, ko sallama ba ta yi mini ba. Ashe hoton kwalbar ne ke yawo a wayoyin mata, tare da muryar 'yar uwar tawa tana cewa a kicin ɗina ta ɗauko, wai tsoron Allah ya sa ta faɗa. Ita aka ba aikin. Wallahi na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Bayan biki maƙwabciyata ta ɗanɗana mini girebar da ta yi musu, ina kaiwa baki na ji yansun har hanci. Na koma na duba hoton da kyau, kwalbar saura rabi, ni kuwa a rufe na ba ta.

Innata ta ce in yi shiru saboda zumunci, goggo tana fama da hawan jini. Maigidana ya ce in fito in wanke kaina. In na yi magana aurenta ma zai iya girgiza, in na yi shiru ni ce mai sa wa mutane giya har abada, kuma ragowar kwalbar nan na hannunta, ga wani bikin an ba ta. Ya zan yi?