Fom Ɗin Da Na Cike Miki

Zuwa ga Yayata Yolanda,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki jiki ya fara dawowa, can gidan ƙanwarki a Charlotte. Ki gaida ita da mutanen gidanta. Allah ya saka musu da alheri da suka riƙe ki.

Na san ba kya jin Hausa. “Sannu” da “na gode” kawai kika kama, su ma sai kin ja su kamar waƙa. Sau uku na gwada rubuta miki da Turanci, sai in ga maganar ta fito da ladabin da ba na ji a raina. Shi ya sa na rubuta da harshena, a shafina na intanet da matan da muke karatun littattafai tare suke bibiyata. Ƙanwarki ta sa waya ta fassara miki. Jibi Alhamis kotu za ta zauna a kan ko za a mayar miki da 'yarki Lusiya, kuma akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji shi a gaban alƙali.

Kin tuna zuwana Greensboro? Amarya ce ni, da akwati biyu, rabin ɗaya littattafan soyayya ne. Maigidana Malam yana fita jami'a tun safe don karatun digirinsa na uku, ni kuwa in yini a bakin taga. Ƙofarki tana kallon tawa. Ke kika fara ƙwanƙwasawa, da faranti a hannu. Na tsaya ina kame-kame don ban san naman da ke ciki ba. Ba ki ji haushi ba. Mako na zagayowa kika hau bas har shagon da Musulmi ke sayen nama, kika sake dafawa da kaza, kika nuna min takardar shagon kina dariya.

Ke kika koya min injin wanki da hawa bas. Ni kuma ina ba ki labarin littattafaina da guntun Turancina kina ninke kaya. Kullum tambayarki ɗaya ce: “To, ya aure ta?” Wata rana kika ajiye rigar hannunki kika ce, “A littafin nan naki kowa yana da mai aiki. Ita mai aikin ba ta da suna ne?” Na yi dariya a lokacin.

Sai mijinki ya faɗo daga saman wani gida a Sedgefield yana aikin rufi, bai kai asibiti ba.

Bayan nan ne barci ya ƙaurace miki. Hannunki ya riƙa rawa har cokali yana ƙara a jikin kofi. Ki ɗora tukunya ki manta, sai hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin ƙofa in zo in buga. Kika ce a garinku ana kiran abin nervios, kina dafe ƙirji. Ni kuwa abin da aka koya min shi na ba ki. Na dama miki kunu, na ce ki yi haƙuri.

Ni na kai ki aiki gidan nan na Irving Park, unguwar masu kuɗi, kada in manta da wannan. A wata liyafar sashen su Malam ne matar farfesan da ke duba aikinsa ta ce tana neman mai shara mai amana. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, Madam zan ce. Ranar da na fara shiga gidan sai da na riƙe numfashi. Matakala mai lanƙwasa, fitilu suna reto daga sama, furanni har a banɗaki, irin gidan da nake karantawa tun ina 'yar sakandare a Zariya. Na dawo da murna na ce miki na samo miki aiki a aljannar duniya.

Ita ma Madam tana fama da damuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma dubi yadda tata damuwar take zaune. Kowace Talata tana da awa guda da likitan da aikinsa shi ne ya saurare ta. Magungunanta suna jere a kabad ɗin da kike gogewa. Da karenta ya mutu, mijinta ya ɗauki hutun mako guda, maƙwabta suka yi ta kawo abinci da katin ta'aziyya. Ke kika wanke kwanukan, wata huɗu da binne mijinki. Ke kika gaya min ta tsaya a kanki kina durƙushe kina tsince gashin karen daga kafet, ta share hawaye ta ce, “Ban san yadda kuke yi ba. Ku mutanenku akwai ƙarfin zuciya.”

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa miki ba.

Ranar da kika ce in raka ki ƙaramin asibitin nan na masu ƙaramin ƙarfi, mai fassarar Sifaniyanci bai zo ba. Nas ɗin ta dube mu, ta ga na fi ki karatun Turanci, ta miƙo min fom da biro. Tambayoyi ne a jere, kowace da gurbin da za a sa alama. Na riƙa karanta miki a hankali. Kina jin baƙin ciki da yanke ƙauna? Kika ce kullum. Kin daina jin daɗin abinci? Kullum. Kina jin kamar kin gaza wa iyalinki? Kullum. Ta ƙarshe tana tambayar ko kina jin gara a ce babu ke a duniya. Kika kalli takalminki kika gyaɗa kai.

Yaya, a duk wuraren nan “ko kaɗan” na sa wa alama. Rashin barci kawai na bari a kan gaskiyarsa.

A wurinmu ko mutum yana gargara, in aka ce ya jiki, da sauƙi ake cewa. Ba a yi wa mara lafiya baki. Kuma a garinmu in aka ce mace ta taɓa samun taɓin hankali, maganar ba ta tsayawa a kanta, tana jiran 'yarta har ranar da za a zo neman aurenta. Mahaifiyata takan ce, “Ka rufa asirin wani, Allah ya rufa naka.” Lusiya na tuna, 'yar shekara shida. Na ce ba da hannuna za a rubuta wa uwarta hauka a takardar Turawa ba. Wallahi a raina alheri nake yi miki.

Nas ɗin ba ta yi minti guda tana duba fom ɗin ba. Ta ɗago ta tambayi yadda kike ji, amma ni ta kalla. Na ce da sauƙi. Kina zaune a gabanta hannunki yana rawa a kan cinya, idanunki sun faɗa. Aka ba ki maganin ciwon kai da wata takarda mai cewa ki yawaita shan ruwa da tattaki. Laifina ne, na ɗauka. Amma da Madam ce ta shigo da wannan rawar hannun, da ba a sallame ta da takardar shan ruwa ba. Da an rufe ƙofa an ja kujera an sake tambayarta.

Mako uku bayan haka Madam ta shirya taron ƙawayenta na rage damuwa, ta gayyace ni in yi musu lalle. Ranar babu makaranta. Ina ɗakinki lokacin da kika kira ta, wayar a buɗe, kika ce ba ki da inda za ki bar Lusiya. Da kunnena na ji ta ce ki taho da ita, ta zauna a kicin ta yi zane.

Mata goma sha biyu a kan tabarmin roba a falo, kyandir yana ci, wata tana koya musu yadda ake jan numfashi. Ni ina gefe ina zana wa wata fure a tafin hannu. Sai muka ji faɗuwar tire. Na leƙa na gan ki a ƙasan kicin kina kiran sunan mijinki, kina dukan ƙirjinki, Lusiya ta riƙe gefen rigarki. Kankana ta tarwatse, wuƙar da kika yanka ta da ita tana can ƙarƙashin firji. Ɗaya daga cikin baƙin ta ce a kira motar asibiti. Madam ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda, ta ce akwai wuƙa.

A gaban 'yarki aka sa miki ankwa. Ɗan sandan ya juyo ya tambaya ko akwai wanda ya ga yadda abin ya faru. Na sunkuyar da kai, lallen yana ɗiga a kan zanena. Shekara huɗun da Malam ya yi yana wahalar karatu na tuna, da wanda zai sa masa hannu a ƙarshe. Aka tafi da ke asibiti mako uku. Ma'aikatan kula da yara suka tafi da Lusiya.

Makon jiya lauyarki ta neme ni. Ta karanta min abin da Madam ta rubuta ta sa hannu: wai ba ta taɓa yarda ki zo da yarinya ba, wai wuƙar tana hannunki. Sannan ta fito da fom ɗin asibiti, na gane rubutuna tun daga nesa. Ta ce da shi ake nuna ke mace ce mai ɓoye ciwonta, wadda aka tambaya ta musa, don haka ba za a amince miki da yarinya ba. Ta buga yatsa a kansa ta ce wannan takardar ita ta fi yi muku illa. Ranar na yi mata sallama ban faɗi cewa ni na cike shi ba.

A littattafaina azzalumi ba ya daɗewa. Kafin babi uku ya yi hatsarin mota, yana kwance a asibiti yana aika a kira masa wadda ya cuta. Na zauna ina jiran wannan babin kamar wawiya. Abin da na gani shi ne hoton Madam a wata walimar tara gudummawa don lafiyar ƙwaƙwalwa, da ɗan koren ƙyallen alamar taron a ƙirji, tana murmushi. Ni kuma ta aiko min da kati. Ta gode da lalle, tana fatan na farfaɗo daga firgitar da na yi, ga lambar likitanta ko zan buƙata. Ni ta ga ya dace a duba, don na kalli abin. Ke da kika faɗi, ankwa ta kira miki.

Ba zan ɓoye miki abin da zuciyata ta saƙa ba. Na yi tunanin ta sake kirana lalle, in haɗa mata irin baƙin lallen nan mai cin fata, ta yi shekara tana ɓoye hannu. Na yi istigfari, amma sai da na ji daɗin tunanin tukuna.

Abin da nake so yanzu ya fi wannan zafi. Ina so ta zauna a kan bencin katako na kotu, inda babu kyandir babu furanni. In tashi in rantse, in faɗi abin da na ji a waya da inda wuƙar take, a hankali, da Turancin nan nawa da take cewa yana ba ta sha'awa. Alƙali ya juya ya ce ta maimaita abin da ta rubuta. Ina so hannunta ya yi rawa a gaban mutane, kowa ya kalla, kada wanda ya miƙa mata ruwa. Ina so maganar ta riga ta isa kulob ɗinsu na matan masu kuɗi, in ta shiga a yi shiru. Ban yafe mata ba. Allah ya isa tsakaninta da marainiyar da ta raba da uwarta don kada a ɓata mata taro.

Amma kafin in kai kanta sai na fara da kaina. Jiya na koma na gaya wa lauya ni na cike fom ɗin, kuma ƙarya na rubuta. Ta ce za a tozarta ni, za a tambaye ni yadda za a yarda da wadda ta taɓa yin ƙarya a takarda. Na ce su tambaya.

Ranar Lahadi bayan mun ci abincin rana na gaya wa Malam. Ya ajiye cokali ya ce, “Kin san wanda zai sa hannu a digirina?” Na ce na sani. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yau da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ban hana ki ba, amma kada ki ce ni na aike ki.” Ban ga laifinsa ba. Bas zan hau zuwa tasha, in ƙarasa kotun da ƙafa.

Ba yanzu nake neman ki yafe min ba, Yaya. Bari sai an fito. In kin ga dama ki kau da kai in kin gan ni, ba zan ji ciwo ba.

Na ga Lusiya ranar Juma'a. Ma'aikaciyar kula da yara ta kawo ta ɗaukar rigar sanyinta, ni na buɗe musu ɗakinki. Ta ƙara tsawo. An yi mata kitson da bai kama ba, na roƙa aka bar ni na gyara. Haƙorinta na gaba ya fita. Ta naɗe shi a takarda tana yawo da shi a aljihu, matar da ke riƙe da ita ta yi ta lallashi ta sa a ƙarƙashin matashi a musanya mata da kuɗi kamar yadda ake wa yaran ƙasar nan, Lusiya ta ƙi. Ta ce sai Mamanta ta gani.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya dawo miki da barcinki. Allah ya kunyata wadda ta yi miki ƙazafi tun a nan duniya. Allah ya daidaita harshena jibi, kada ya sarƙe. Ita kuma Lusiya, Allah ya sa ta kwance takardar nan a tafin hannunki kafin sabon haƙorin ya fito.

Ƙanwarki mai laifi, ta ƙofar da ke kallon taki,
Ramlatu